Yadda na farfaɗo da saurar gidanmu ta koma gonar ingirici

A ƙasarmu ta Ikara, kamar sauran ƙauyukan da ke tsakanin Zariya da Kano, ba a lissafa ciyawa cikin amfanin gona. Ana noman masara da dawa da waken suya da gyaɗa, ana tara harawa da kara bayan girbi, amma ita ciyawa an ɗauke ta abin da Allah ya shuka a daji, wanda duk mai lauje yake da rabo a cikinsa. Wannan tunani yana da hujja a zamanin da daji yake da faɗi. Yanzu kuwa gonaki sun haɗe da juna, burtali ya ƙuntata, kuma mai kiwon turke yakan sayi damin harawa a watan Afrilu da Mayu da tsadar da ke cinye ribar rago tun ba a kai shi kasuwa ba. A 'yan shekarun nan lamarin ya ƙara tsanani, domin Babbar Sallah ta faɗo a ƙarshen watan Yuni a 2023, ta kuma faɗo a tsakiyarsa a 2024, wato kiwon ragunan layya ya koma tsakiyar bazara, lokacin da abincin dabba ya fi ƙaranci a duk shekara. Wannan ne ya sa na ƙudura cewa zan noma ciyawa da gangan, in yanke ta a kan lokaci, in busar, in adana, duk da cewa ni ma'aikaci ne da ya girma a makaranta, ban taɓa riƙe lauje don aikin gaske ba.

Filin da na samu gonar gado ce da ba ta kai hekta biyu ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan noma tudun gonar, ya bar gangaren ga gamba da sauran ciyayi saboda shanun huɗarsa. Bayan rasuwarsa aka sayar da shanun, 'yan'uwa suka watsu neman abinci, gonar ta zama saura, kowa ya mayar da ita makiyayarsa. Mutane sukan ce ƙasar da aka bari hutawa take yi, amma wannan ba ta huta ba ko kaɗan. Dabbobi suna cin ciyawa mai daɗi tun tana tsiro, su bar wadda ba sa so ta yi 'ya'ya ta yaɗu, sannan kowace shekara wutar masu farautar gafiya ta bi ta lashe abin da ya rage. Da na koma na tarar tafasa da rai-ɗore da ƙashin yawo sun mamaye gangaren, kalgo da sabara sun yi kumbu-kumbu a ko'ina, tudun kuma ya zama fako mai tauri wanda ruwa ke gudu a kansa ba tare da ya shiga ba, har ya fara yanka 'yar kwari a tsakiya.

Daminar farko ban shuka komai ba, zagaya kawai na riƙa yi tare da kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ya san gonar tun tana hannun kakanmu. Shi ya koya mini rarrabe ciyayin tun suna ƙanana, ya nuna mini kyasuwa da harkiya da burburwa da gadagi, ya kuma nuna mini gindin gamba da suka tsira a gefen kwarin, guntu-guntu saboda yawan ci da ƙuna. Muka kafa 'yan sanduna a kan kowane gindi mai rai. Na tambaye shi, “Kawu, anya wannan ƙasa za ta sake yin ciyawar kirki?” Ya ce, “Ɗana, inda gamba ba ta mutu ba ƙasa ba ta mutu ba. Ka hana baki da wuta shiga, ka ga abin da za ta yi.” Duk abin da na koya daga baya ya tabbatar da wannan magana, sai dai hana baki da wuta ya fi sayen iri wahala nesa ba kusa ba.

Daga nan na tafi Shika, a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, inda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa take, wadda aka fi sani da NAPRI, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Wurin ya fara ne a matsayin gonar kiwon shanu a 1928, ya zama cibiyar ƙasa a 1976, kuma shekaru da yawa ke nan ana gwada ciyayi na gida da na waje a filayensa. Abin da na fi amfana da shi a can bayanin da wani ma'aikacin sashen ciyayi ya yi mini ne game da furotin, wato sinadarin gina jiki. Ya ce gamba tana ɗanya shar, kafin ta yi kara, furotin ɗin da ke cikin busasshen ganyenta yana iya kusan kashi 10 cikin 100, amma idan ta tsufa ta bushe a tsaye a cikin rani sai ya faɗo zuwa kashi 2 ko 3. Ita kuwa dabba mai tuƙa tana bukatar kimanin kashi 7 kafin ƙananan halittun da ke cikin tumbinta su iya narkar da abin da ta ci. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga saniya tana tsaye cikin busasshiyar ciyawa har wuya amma tana ramewa. Ya kuma ba ni labarin aikin da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Afirka, wato ILCA, ta yi da Fulani a wajen Kachiya cikin shekarun 1980, inda ake killace fili na kimanin hekta 4 a shuka masa wani tsiro dangin wake da ake kira sitailo, a ajiye shi don rani. Har da dabarar da suka yi amfani da ita ta kwantar da shanu a fili da dare domin kofatonsu ya farfasa ƙasa, kashinsu ya zama taki, kafin a watsa iri. Na dawo da ɗan irin sitailo da na lablab, wani tsiro mai yaɗo shi ma dangin wake, da kuma fahimtar cewa lokacin yanka shi ne ginshiƙin aikin baki ɗaya.

Kafin in taɓa ƙasa sai da na je wurin dagaci. A al'adarmu idan aka gama kaka ana sakin dabbobi su bi gonaki, kuma wanda ya killace ciyawa tsagwaronta, ba dawa ba rogo, ana iya ganinsa a matsayin mai rowar abin da ba shi ya shuka ba. Na yi wa dagaci bayani a gaban dattawa cewa ciyawar nan shuka ta zan yi, in yi mata noma, in zuba mata taki. Shi ya haɗa ni da Arɗon rugar da ke kusa, kuma wannan zama ya fi duk wani shinge amfani. Na ce masa, “Baffa, ba hanyar ruwa zan tare muku ba, gefen gabas zai kasance a buɗe kamar yadda yake.” Muka yi yarjejeniya cewa shanunsu za su riƙa kwana a kan fakon cikin rani, ana gusar da makwancinsu lokaci-lokaci, ni kuma in bar musu karan dawar wata gonar tawa, sannan daga faɗuwar ruwa har zuwa gama kwashe ingirici yaransu ba za su bari dabba ta shiga ba. Irin wannan musayar taki da kara tsohuwar hulɗa ce tsakanin manoma da makiyaya, ba ni na ƙirƙiro ta ba, kuma ina ganin barinta da aka yi a wurare da yawa ya jawo wa ɓangarorin biyu asara.

Shingen kuwa na ƙaya muka fara yi da rassan da muka sare, sannan a ƙarshen bazara muka dasa sandunan bini-da-zugu a jere ta ciki, domin dabbobi ba sa cin sa kuma yana kamawa daga reshe. Sai ya shekara biyu kafin ya yi kaurin da zai tare akuya, saboda haka dole a riƙa toshe kafofi da ƙaya a wannan tsakani.

Wajen sassabe ban bi tsohuwar hanya ta sarewa duka a tara a ƙone ba. Na bi abin da manoman Maraɗi suke kira sassaben zamani, wanda ya yaɗu a Nijar tun daga shekarun 1980: a kowane kututturen da ke tohowa a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su su miƙe su zama itace, a sare sauran. Sai dai gonar ciyawa ba ta son inuwa mai yawa, lauje kuma ba ya son kututture, don haka a tsakiyar fili mun tumɓuke yawancin sabara da kalgo da gatari da dundurusu, muka bar na gefe da 'yan tsirarun kalgo nesa da juna, tun da dabbobi suna cin 'ya'yansa a rani. Ɗorawa guda da kaɗanya biyu da muka tarar ba wanda ya taɓa su. Ƙananan rassa da ganye ba mu ƙone ba, muka shimfiɗa su a kan fakon, inda gara ta ci su ta kuma huda ƙasar da ramukanta, abin da ya taimaka wa ruwa shiga. A cikin kwarin muka jera duwatsu a gicciye a wurare da dama domin su rage gudun ruwa su tare laka, a kan tudun kuma muka haƙa ramuka masu siffar rabin wata, bakinsu yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, irin waɗanda ake yi a yankin Tawa don farfaɗo da fako.

Da damina ta kankama a watan Yuli muka shiga dashen gamba. Irinta yana da gashi, iska na kwashe shi, kuma ba duka yake tsirowa ba, shi ya sa dashe ya fi tabbas. Akan haƙo babban gindi, a datse ganyen, a tsattsaga shi gida-gida yadda kowane yanki zai fita da saiwarsa, a dasa a ranar da ƙasa take da laima sosai, a taka gefensa da ƙafa. Mun jera su layi-layi a gicciyen gangare, taku ɗaya tsakanin gindi da gindi, domin idan suka yi kauri su ma su zama matarar ruwa. Kyasuwa ba ta bukaci wannan wahala ba, domin ita shekara ɗaya take yi ta zubar da iri, kuma kawunanta da yara suka tsinko mini a kakar da ta gabata kawai muka watsa a inda shanu suka kwana. Irin sitailo yana da ɓawo mai tauri, sai an jiƙa shi na 'yan mintoci a ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, a shanya ya sha iska, sannan a gauraya shi da yashi a watsa a tsakanin layukan gamba ba tare da an binne shi da zurfi ba. Shi da lablab na zuba musu takin sufa, saboda ƙasarmu tana da ƙarancin sinadarin fosfaras, dangin wake kuwa ba sa yin kirki idan babu shi. Lablab na ware masa wuri shi kaɗai a kan kunya, aka shuka shi kamar wake.

A wannan shekara aikin da ya fi cin lokaci shi ne cire tafasa da rai-ɗore da hannu kafin su yi 'ya'ya. Irinsu ya taru a ƙasa shekara da shekaru, ana cirewa wasu na fitowa, kuma babu wata dabara sai naci. Sabuwar gamba kuwa ban yanke ta ba sam, na bar ta ta kafa saiwa. Kyasuwa kaɗai muka ɗan yanka, muka bar fiye da rabinta ta zubar da iri.

A shekara ta gaba ne na fuskanci ainihin matsalar yin ingirici a wannan yanki, wadda duk mai son shiga aikin ya kamata ya fahimce ta tun da wuri. Ciyawa ta fi amfani lokacin da take gab da fitar da kai, kuma ciyawar da ta tsiro da ruwan farko tana kaiwa wannan matsayi ne a watan Agusta zuwa farkon Satumba, lokacin da marka take sauka kusan kullum, babu ranar da za ta busar da ita. Idan kuma aka jira sai ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, iskar hunturu ta fara kaɗawa, shanya ta zama mai sauƙi, to a lokacin gamba ta riga ta yi kara ta fi mutum tsawo, kyasuwa ta fitar da jan kai mai gashi, ganyen ƙasa ya ruɓe, abin da za a tara bai fi shuci amfani ba ga dabba. Yawancin ingiricin da ake sayarwa a bakin hanya irin wannan ne, yana da yawa a ido amma rabinsa dabba za ta tattake ta bari.

Mafitar da na bi ita ce yanka biyu. A farkon watan Agusta muka yi wa wani sashe na filin yankan farko, ba don shanya ba. Ɗanyar ciyawar muka riƙa kai wa dabbobin gida, muka ba maƙwabta, abin da ya rage muka shimfiɗa a fako. Bayan yankan na watsa ɗan takin yuriya a kan layukan gamba. Tohon da ya biyo baya ya samu mako shida zuwa takwas yana girma, ya zamana a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, lokacin da ruwa ya fara ja baya ana samun kwanaki a jere babu hadari, ciyawar tana kai gwiwa zuwa ƙugu, ganye ne zalla mai laushi. Nauyin da aka samu bai kai na ciyawar da aka bari ta tsufa ba, wannan gaskiya ne, amma dabba tana cinye shi kaf, kuma abin da ya shiga cikin dabba shi ne abin lissafi.

Kawuna bai yarda da wannan tsari nan take ba, kuma yana da dalilinsa. A wurinsa gamba ta zana ce da jinka, sai ta yi kara ta ƙosa ake yanke ta, ya kuma ga yankanta tana ƙarama kamar ɓarna. Muka daidaita a kan cewa gambar kan iyaka, wadda tun asali don shaidar iyaka ake dasa ta, za a bar masa ita ta ƙosa, ta ba shi zana ta ba ni iri, ta cikin fili kuma ta dabbobi ce.

Yanka da lauje aiki ne da ke neman ƙugu da haƙuri. Kawu ya nuna mini yadda ake kama ciyawa da hagu a ja lauje da dama zuwa jiki a karkace, da yadda ake wasa shi a kai a kai, domin dakusasshen lauje tumɓuke ciyawa yake yi maimakon yanka. Ya hana ni yankan gamba dab da ƙasa, ya ce a bar mata kamar tsawon taƙi ɗaya, saboda daga gindin nan take sake tohowa, kuma idan aka aske ta ƙasa-ƙasa shekara bayan shekara sai ta mutu. Mukan fara ne da hantsi bayan raɓa ta kaɗe, muna sanye da takalman roba saboda macizai, muna kuma fara buga ciyawar da sanda. Wata wahalar da ban zata ba ita ce ta 'yan ƙwadago, domin wannan lokaci ya yi daidai da karyar masara da cirar gyaɗa, kowa yana gonarsa, wanda aka samu kuma kuɗinsa ya hau. Wannan ya tilasta mana yanka kaɗan-kaɗan, iya abin da mutum biyu ko uku za su iya juyawa su kwashe, kuma hakan ya zama alheri, tun da ko ruwa ya zo ba zai tarar da duka a ƙasa ba.

Ɗanyar ciyawa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, ana so kuma a sauko da shi zuwa kimanin kashi 15 cikin gaggawa, ba tare da rana ta ƙone ta ta yi fari ba. Mukan baza ta siriri a inda aka yanke ta, a juya ta da manjagara ko sanda mai baki biyu da azahar, da la'asar sakaliya kuma a tattara ta tsibi-tsibi domin raɓar dare ta taɓa bayanta kawai, da safe a sake bazawa. Idan rana ta yi kyau kwana biyu zuwa uku sun isa. Tun kafin lokacin mun tanadi sanduna da igiya da tamfol, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sandunan mukan ɗaure su uku-uku a sama, a buɗe ƙafafunsu, a gitta wasu a tsakiya, sai a riƙa ɗora ciyawar da ta sha iska a kai, a bar cikin a buɗe yadda iska za ta ratsa ta ƙasa. Wani dare ruwa ya sauko ba zato. Ciyawar da ke kan sanduna samanta kawai ya jiƙe, ta bushe washegari, amma wadda ke ƙasa sai da muka sake bazawa, kuma ko da ta bushe ta yi duhu, ƙamshinta ya ragu. Ita muka fara ba dabbobi, ba mu haɗa ta da ta ajiya ba.

Gane cewa ciyawa ta bushe yadda ya kamata abu ne da hannu yake koya. Akan ɗebo daga tsakiyar tsibi, ba daga sama ba, a murɗa ta da ƙarfi. Idan ta yi laushi kamar igiya ko ta nuna danshi a wurin murɗin, da saura. Idan kuma ta kakkarye ta zama gari, ta wuce. Wadda ake so ita ce mai ɗan ƙara, wadda wasu sililinta ke tsinkewa wasu na lanƙwasa, kuma idan aka kankare kara da farce fatarsa ba ta saɓulewa. A gaɓoɓin kara danshi yake ɓuya, musamman a gamba, don haka can ake dubawa. Launin da ake nema kore ne mai ɗan haske, domin koren nan alama ce ta cewa sinadarin da jikin dabba ke mayarwa bitamin A yana nan, abin da dabbobinmu suke rasawa a tsawon rani. Wanda ya tara ingirici da sauran danshi zai tarar ya yi zafi ya yi fumfuna, ƙurarsa ta sa dabbobi tari, babban tari kuma yana iya yin zafin da zai kama da wuta da kansa. Saboda haka a makonnin farko nakan zura sandar ƙarfe cikin tarin, in bar ta ɗan lokaci, in zaro in taɓa.

Lablab da sitailo suna neman kulawa ta daban, irin wadda duk mai harawar wake ya sani. Amfaninsu yana cikin ganye, ganyen kuma yana riga kara bushewa ya kakkaɓe da an taɓa shi da rana tsaka. Mun yanke lablab da ya fara fure, muka bar shi ya yi yaushi yini guda, muka ƙarasa busar da shi a kan sanduna, ba ma ɗaure shi ko ɗaukarsa sai da sassafe lokacin da raɓa ta sa ya yi laushi. Ko a lokacin mukan shimfiɗa tamfol a ƙasa don tare ganyen da ya zuba, mu zuba shi a buhu, domin shi ne mafi daraja a cikin duk abin da gonar ta bayar.

Wajen ɗauri na sa kafinta ya yi mini akwatin katako marar gindi, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba. Akan shimfiɗa igiya biyu a ciki bakinsu yana rataye a waje, a riƙa zuba ciyawa ana tattakawa har ya cika maƙil, a ɗaure tam, a ɗaga akwatin, sai dami mai kusurwa huɗu ya fito. Da na auna na ga kowanne yana kai kilo 12 zuwa 15. Irin wannan dami yana jeruwa a amalanke, ba ya cin wuri a rumfa, kuma yana sauƙaƙa lissafin abin da aka tara. A nan ma na saɓa wa al'ada, domin an saba ɗora harawa a kan soro ko a cikin rassan itace, inda ta tsira daga awaki amma rana tana dukanta wata da watanni har ta yi fari. Na kafa rumfa mai jinka, na yi dandamali na itace a kan duwatsu sama da ƙasa kamar tsawon gwiwa, na zuba toka a gindin kowane dutse saboda gara, ina kuma leƙawa lokaci-lokaci ko ta fara gina hanyarta.

Da aka gama kwashewa, tun kafin ciyawar daji ta bushe ƙarau a watan Nuwamba, muka share kewayen gonar da na rumfar da fartanya, faɗin taku huɗu zuwa biyar, ƙasa tsirara. A hunturun da ya biyo baya wuta ta taso daga saurar maƙwabci ta tsaya a kan wannan shara. Na san ana cewa ƙuna tana sa gamba sabon toho, kuma tana sawa, amma tana cinye irin kyasuwa da na sitailo da ke ƙasa da ɗan ganyen da zai ruɓe ya zama taki, saboda haka a gonar da ake farfaɗowa ba ni da abin yi da ita.

Wajen ciyarwa na yi lissafi da ma'aunin da masana kiwo suke amfani da shi, cewa dabba tana cin busasshen abinci kimanin kashi biyu da rabi cikin 100 na nauyin jikinta a yini. Sa mai kilo 250 yana bukatar kilo 6 da ɗan ɗoriya, wato daga Janairu zuwa Yuni zai ci fiye da tan ɗaya shi kaɗai, rago matsakaici kuma kimanin kilo ɗaya a yini. Wannan lissafi ya nuna mini cewa gonata ba ta isa kiwon shanu ba tukuna, don haka na tsaya a kan raguna da tumaki. Nakan daddatsa ingiricin da adda, in haɗa kashi biyu ko uku na ciyawa da kashi ɗaya na lablab ko harawa, in zuba a komi maimakon ƙasa, in ƙara dusa da ɗan gishiri ko kanwa ga ragunan turke. Ban taɓa ajiyar ba sai da kalar gonaki ta ƙare, na kuma ware mafi kyawun dami don watan Afrilu da Mayu da tumaki masu shayarwa. A wannan bazara ban sayi harawa a kasuwa ba.

Akwai abin da ya wajaba a faɗa game da ƙasar kanta. Duk damin da aka fitar daga gona ya tafi da abincin ƙasa a cikinsa, kuma gonar ciyawa da ake yanka kowace shekara ba a mayar mata da komai tana gajiya kamar gonar masara. Shi ya sa takin turken gida yake komawa can a amalanke kafin ruwan farko, yarjejeniyata da Arɗo kuma tana nan, sai dai yanzu shanun suna kwana ne a inda ba a dasa gamba ba, don kada su tattake gindinta. Kowace shekara ina barin wani layi daban na kyasuwa da sitailo ba a yanka ba domin su zubar da iri. Tafasa ta ragu ƙwarai a inda gamba ta rufe, amma ba ta ƙare ba. Sitailo ya yi kyau a tudu, a gangare kuwa gamba tana danne shi da inuwa idan yankan Agusta ya yi jinkiri. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fakon har yanzu ciyawa tana fitowa ne a cikin ramukan rabin wata kaɗai, tsakaninsu ƙasa tsirara ce, kuma a nan ne zan kwantar da shanu a ranin bana, in ƙara jeren duwatsu a saman kwarin, sannan in tsago gamba daga layukan da suka yi kauri in dasa a bakin kowane rami idan Allah ya kai mu watan Yuli.